Kalmomi Arba'in da Lamba Ɗaya

A shekarar da nake aji uku na sakandare, wajen ƙarshen shekarun saba'in, masu tsara mana karatu suka zauna suka duba duk abin da ke damun yaran Jos, suka gano cewa babbar matsalarmu ita ce ba mu san yadda Turawa ke zaman sarauta shekaru ɗari shida da suka wuce ba. Don haka aka ba mu kalmomi arba'in mu haddace. Malamin tarihi ya jera su a allo layi biyu, muka kwafe a bayan littafi, ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya ce duk wanda bai san su ba ranar jarrabawar ƙarshen shekara, to ya fara neman sana'a.

Ni ba sai na nema ba. Tawa tana jingine a bangon zaurenmu na Dutse Uku tana jirana: guntuwar diga, da igiya, da guga. Babana mahaƙin rijiya ne. Na riga na faɗi tarihi zango biyu a jere, kuma a makarantarmu wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku sai ya maimaita aji. Baba bai san wani abu maimaita aji ba. Ya ce shi a sana'arsa, wurin da aka haƙa sau uku ba a tarar da ruwa ba, cike shi ake yi a matsa gaba. In na faɗi, Asabar ɗin da ta biyo baya zan ɗauki igiya in bi shi. Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne da na sa rai zai huce. Na taɓa kai masa abinci wata rijiya da yake haƙa a Rikkos, na leƙa, na hango tsakiyar kansa can ƙasa kamar ƙwallon goruba, muryarsa na fitowa daga baya. Tun ranar nake tsoron rami, tsoro na gaske, wanda har yau bai sake ni ba.

Malamin tarihinmu ɗan gari ne. A Jos Jarawa aka haife shi, kowa ya san mahaifiyarsa da tandar wainarta. Sai dai gwamnati ta taɓa tura shi kwas na wata tara a Ingila, ya dawo da baƙar laima, da lofen da ba a taɓa ganin hayaƙi ya fito daga cikinsa ba, da hoto guda. A hoton yana tsaye ya harɗe hannu a gaban wani rusasshen gini, sanyi ya takure shi, amma yana murmushi kamar gadonsa ne aka miƙa masa. Hoton nan ya zagaya ajinmu ya fi sau goma, kuma kowane zagaye sai an umarce mu mu goge hannu a wando kafin mu taɓa.

Kalmomin zan rubuta su yadda bakinmu ya iya faɗarsu. Akwai kasil, gidan sarauta na dutse mai ganuwa da hasumiya. Akwai mot, gwalalon da ake haƙawa kewaye da shi a cika da ruwa, da gadar da ake ɗagewa da sarƙa in an hango baƙon da ba a so. Akwai lod, ubangidan ƙasa, da basal, wanda ke durƙusawa ya sa hannuwansa cikin na ubangida ya yi masa mubaya'a, shi ma a yanka masa ƙasa ya samu waɗanda za su durƙusa masa. Akwai barade masu sulke. Sai malaman coci hawa-hawa, tun daga fafaroma har zuwa masu zuhudu da ke aske tsakiyar kai, da ushirar da ake kai musu. Can ƙasan layi, daidai inda allon ya tsage, akwai saf. Littafi ya dage cewa shi ba bawa ba ne. Abin da kawai ya rasa shi ne ikon barin gonar ubangida, da ikon yin aure, da ikon niƙa hatsinsa sai da izini. Ban da waɗannan, ɗa ne mai cikakken 'yanci. Kalma ta arba'in ita ce annoba, wadda suka yi wa laƙabi da Baƙar Mutuwa.

Abokin zamana a benci ɗan Ibo ne, babansa na sayar da kayan keke, shi kuma yana riƙe wa fada kyandir a coci ranar Lahadi. Muka raba aiki: shi ya ɗauki malaman coci, ni na ɗauki gine-gine.

"Wannan bishop ba wahala," in ji shi. "Ni na san shi. Ya zo cocin mu, Mamana ya dafa shinkafa, oga ya ci faranti biyu."

Ni kuma na yi masa bayanin ganuwa da gwalalo da cikakken iko, alhali ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Jos ba ta da ganuwa. Shingen ƙyarana muka sani a bakin gonaki, da wayar kamfanin kuza.

A kan dutsen bayan gidanmu nake hadda bayan la'asar. Wata rana hadari ya taso da ƙanƙara, ya koro ni zaure, na tarar Baba ya dawo daga aiki yana kankare jar ƙasa daga ƙafafunsa da marmara. Na zauna a lungu na ci gaba da nanatawa a hankali. Baba ba ya kiran sunana, domin sunan ƙanensa da ya rasu aka sa mini. Ɗan'uwa yake ce mini. Iyakar abin da na sani game da mai sunan ke nan, kuma ban taɓa damuwa in san fiye da haka ba.

"Ɗan'uwa, me kake ta ja haka kamar mai wuridi?"

"Tarihin Turawa ne, Baba."

"Faɗa mini da Hausa in ji."

Na ga dama ta samu in nuna masa inda kuɗin littattafai ke tafiya. Na gyara zama na fara da kasil: gida a kan tudu, bango kewaye, ruwa kewaye da bangon, ƙofa ɗaya, mai gadi a bakinta.

"Gidan manaja ke nan," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

"Baba, wannan a Turai ne. Shekara ɗari shida."

"To ai daga can suka zo da shi."

Na ci gaba. Kafin rijiya, Baba ya yi shekaru yana lebura a kamfanin kuza, wannan na sani, amma ban zaci zai shigo mini da shi cikin karatu ba. Duk kalmar da na ɗauko daga Turai da ƙyar, sai ya karɓa ya ajiye ta a barikin kuza kamar can ne gidansu. Da na yi bayanin basal ya ce heluma ne, shugaban lebura: da safe ya durƙusa wa Bature, da hantsi lebura su durƙusa masa. Da na zo kan malaman coci da ushirarsu ya yi dariya har marmarar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce su ma suna da limamin bariki, kamfani na aika masa buhun gero, kuma shekara uku da ya yi yana bin sa sallah bai taɓa jin wa'azinsa ya kauce daga falalar haƙuri ba.

Da na karanta masa saf bai yi dariya ba. Ya sa na maimaita wajen da aka ce ba shi da ikon tafiya. Sannan ya ce, "Saura me?"

"Saura annoba."

Na ba shi yadda littafi ya bayar: jiragen ruwa, da ɓeraye, da ƙuma, da kaluluwar da ke fitowa a hammata, da ramukan da ake zuba mutane ba sallah ba likkafani. Ƙanƙara na dukan kwanon zaure, sai da na ɗaga murya. Da na gama ya jawo buta ya wanke hannunsa, ya daɗe yana wankewa, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Zamanin yaƙin duniya na biyu ne, lokacin ɗiban gwamna. Dagaci ya bi ƙauyensu a ƙasar Katsina gida-gida yana ware samari, wai Turawa na bukatar kuza. Daga gidansu aka ɗebi biyu, shi da ƙanensa, wanda ko gemu bai fara ba. An ce musu wata huɗu ne. Suka iso Jos kowa da taguwa ɗaya, ba wanda ya gaya musu akwai ƙasar da sanyi ke tsaga leɓe. Wuni ake yi tsaye cikin ruwa ana cika kwanon sarki da ƙasa ana hawa da shi a ka. Wanda ya gudu, a kamo shi, ko a kama ubansa a gida. Sai atini ya shigo barikin, ciwon haƙarƙari ya biyo shi. Kullum da safe akawu na kiran lamba, wadda ba a amsa ba ya ja mata layi. Ƙanen nasa kwana shida ya yi. A bayan bariki suka binne shi tare da waɗansu. Bayan shekaru kamfani ya gano akwai kuza a ƙarƙashin wurin, ya haƙe shi, yanzu kududdufi ne.

"Da wa'adi ya cika aka ce kowa ya koma gida," in ji Baba. "Na ce in je in ce wa tsohuwa me? Ita ta damƙa mini shi a hannu."

Bai koma ba har ta rasu. Ni dai ina zaune da littafi a cinya, kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Sai ya nuna littafin da haɓa. "Su waɗancan da annobar ta kashe, an rubuta su?"

"Ga shi nan, Baba. Har da yawansu."

"Shekara ɗari shida, kuma ba a manta ba." Ya jinjina kai. "To duba mana namu."

A nan ne na gane inda muka dosa. A wurin Baba, Bature ba ya yin komai bai rubuta ba. Ya ga akawu da idonsa yana jan layi. Tunda an ja, to yana cikin wani littafi, kuma tunda gwamnati ta tara yara tana koya musu annobar wata ƙasa, ai ba za ta tsallake ta bayan gari ba. Na buɗe littafin shafi-shafi a gabansa. Daga kasil muka wuce sarakuna masu mata da yawa, muka wuce jiragen ruwa, muka wuce Turawan da suka gano mana kogunan da kakanninmu ke wanka a ciki. Babu. Baba bai karaya ba. Ya ce wataƙila yana cikin na aji huɗu.

Washegari, da yake wauta ba ta da magani, na ɗaga hannu a aji.

"Sa, leburorin kuza na zamanin ɗiban gwamna, su ma saf ne?"

Aji ya fashe da dariya. Rabin masu dariyar nan jikokin leburori ne, sauran rabin 'ya'yansu. Malamin ya cire lofe daga bakinsa ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci.

"Kuza ba ta cikin manhaja," in ji shi. "Zauna."

Da aka tashi tara ya sa aka kira ni ofishin malamai. Na shiga ina shirin bulala. Na same shi shi kaɗai, ya ajiye laima da Turancin duka a gefe, ya yi mini magana da Hausar uwarsa.

"Wa ya sa ka wannan tambaya?"

"Babana, Sa."

"A wane bariki ya yi?"

Na faɗa masa. Ya juya lofen a kan tebur.

"Ni ubana heluma ne," in ji shi. "Kana tsammani ban san amsar ba? Saurara. Takardunku ba ni zan duba ba. Za a ɗaure su a manna jan danƙo a kai ma'aikatar ilimi. Wanda zai duba yana da takardar amsa a gefensa, da tulin takardu a gabansa, da ciwon kai. Abin da ya gani a takardar amsa ya ba da maki, abin da bai gani ba ya soke. Kai kuma ba ka da makin da za ka yi kyauta da shi. Ka ba su ɓerayensu. In ka girma ka rubuta abin da ka ga dama."

Shawara ce mai kyau, kuma na bi rabinta na farko nan take. Rabi na biyun ne ya ɗauke ni fiye da shekara arba'in.

Kuskurena shi ne da na koma gida na ba Baba labari, na haɗa har da jan danƙo da ma'aikatar ilimi, don ya san ɗansa ba ƙaramin abu zai fuskanta ba. Duk sauran maganar ta bi iska. Jan danƙon nan kaɗai ya riƙe. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske motar gwamnati ce ke zuwa ɗauka. Na ce da gaske. Ya ce a can ajiye su ake yi? Na ce ƙwarai, ni da ban san ko ƙosai ake naɗewa da su ba.

Ranar jarrabawar tarihi, ina shan koko a tsaye, Baba ya fito daga ɗaki riƙe da wani ƙullin tsumma da ya ciro daga ƙasan adakarsa. Ya kwance. Wata 'yar tagulla ce, ta ɗan fi kwabo faɗi, da huji a samanta, an buga mata lamba. Ta yi baƙi-baƙi, amma gefenta ya yi santsi don shafa.

"Ta wuyan ƙanena ce," in ji shi. "Na cire kafin mu rufe shi. In ka zo wajen annobar nan, ka sa wannan lambar. Ka ce shi ma ya mutu, a barikin kuza, a hannun wansa. Layi ɗaya ya isa."

"Baba, ba sunansa ya kamata a sa ba?"

"Masu sunan nan da suka mutu a barikin sun fi a ƙirga. Kamfani bai san suna ba. Lambar ce tasa shi kaɗai, da ita za su gane shi."

Inna tana bakin murhu, ta juyo. "Maigida, kada ka jawo wa yaron nan. Ka ga dai a bakin rami yake."

"Layi ɗaya ne," in ji Baba. "Gwamnatin da ta ɗauko shi daga gaban uwarsa ba za ta ji nauyin layi ɗaya ba."

Ya sa mini ita a tafin hannu ya rufe da nasa. Hannun Baba kamar bayan itace yake. Na ce to.

Tambaya ta uku ce ta zo a kan annoba, kamar da gayya. Na zuba musu komai. Na kawo jiragen ruwa na sauke ɓeraye, na ɗora wa ɓerayen ƙuma, na fito da kaluluwa a hammata da matsematsi. Na bayyana yadda malaman coci suka ce fushin Ubangiji ne, da yadda iyayen ƙasa suka ɗage gadojinsu suka kulle kansu a kasil, da yadda bayan an gama mutuwa saf ya yi tsada don ya yi ƙaranci. Ban taɓa rubutu mai kyau irin na ranar ba. Da na kai aya ta ƙarshe, saura layi uku a shafin, agogon bango kuma ya nuna saura minti goma sha biyar.

Na sa hannu a aljihu na taɓa tagullar. Ta ɗumama da jikina. Na ji muryar malamin tarihi, na ga mutumin nan mai ciwon kai da jan alƙalaminsa, sannan na hango tsakiyar kan Baba a ƙasan rijiyar Rikkos, sai dai wannan karon kan nawa ne. Yau da nake da furfura na san layi ɗaya a ƙarshen amsa mai kyau ba zai kayar da kowa ba. Mai dubawa ko lura ba zai yi ba, in ma ya lura ya ja masa layi ya wuce, kamar yadda akawu ya yi. A ranar ma, in zan faɗi gaskiya, wani sashe na zuciyata ya san haka. Tsoro ne kawai, da kuma wani abu da ya fi tsoron muni: ba na so wani mai digiri a ma'aikata ya buɗe takardata ya ji warin bariki.

Na zare hannuna daga aljihu. Minti goma sha biyar ɗin nan ban bar su sun lalace ba. Na koma tambaya ta ɗaya, inda aka ce a zana kasil, na ƙara masa hasumiya, na yi wa duwatsun bango inuwa ɗaya bayan ɗaya, na kafa tuta a sama tana kaɗawa. Gwalalon kuwa har igiyar ruwa na yi masa.

Baba bai je aiki ba ranar. Na hango shi tun daga kwanar layinmu yana zaune a dakalin ƙofar gida da rigarsa ta Juma'a, alhali Talata ce.

"Ka sa?"

"Na sa, Baba."

"Da tawada?"

"Da tawada."

Ya karɓi tagullar ya ce alhamdu lillahi, ya shafa kaina, abin da bai yi ba tun ina ƙarami. Kafin in kai tsakar gida na riga na samo wa kaina fatawa: ai na rubuta sunana a saman takarda, sunana kuwa sunan mamacin ne, saboda haka ya shiga. Da irin wannan basira aka ba ni a lissafi da yanzu wani labarin ake yi.

Na zaci maganar ta mutu a nan. Ranar Juma'a Baba ya sa Inna ta soya waina masaki guda aka raba sadaka. Duk wanda ya tambayi dalili sai ya ce ƙanensa ne ya shiga littafin gwamnati, ɗansa ya shigar da shi. Tsofaffin leburori biyu suka zo har zaure suka sa mini albarka. Ɗayansu ya tambaya ko badi zan sake yin jarrabawar, don shi ma yana da mutum. Na ci wainar nan, ba zan ce ban ci ba.

Ranar Asabar ya ce in sa takalmi in raka shi. Na zaci igiyar ce tun sakamako bai fito ba. Amma bai ɗauki diga ba. Muka shiga motar Bukuru, muka sauka a hanya, muka taka ta cikin gonakin dankali da tsibin jar ƙasa har muka iso wani kududdufi mai koren ruwa, shiru, ba ko tsuntsu. A ɗaya gefen wani tsohon injin haƙa ya yi tsatsa ya sunkuyar da wuya. Can kan tudu akwai gida mai jan rufi da dogayen itatuwa kewaye da shi.

"Ga kasil ɗinka can," in ji Baba. Ya nuna tsakiyar ruwan. "Shi kuma wajen nan."

Ya cire takalmi ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, na tsuguna a bayansa ina amin. Da ya shafa, ya ciro ƙullin tsumman daga aljihu ya kwance.

"Shekara talatin da biyar ina gadinta," ya ce. "Kullum ina tsoron in mutu a zubar da ita cikin shara, a rasa mai cewa an yi shi. Tunda gwamnati ta karɓa, sai ta koma wa mai ita."

Na ga hannunsa ya tashi. Akwai lokaci, ba zan yi wa kaina ƙarya a wannan ba. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Na buɗe baki, na tuna waina, da tsofaffin nan biyu, da hannunsa a kaina, na mayar na rufe. Tagullar ta faɗa ruwa da ɗan ƙara kaɗan, kamar an jefa tsakuwa. Baba ya kakkaɓe tsumman ya ninke ya sa a aljihu. A hanyar dawowa ya saya mini rake, yana tafe yana 'yar waƙa a maƙogwaro. Ban taɓa ganinsa da sauƙin jiki irin na ranar ba.

Sakamako ya fito, na zo na biyu a tarihi. Malamin ya kira ni gaban aji ya ce ga misalin yaron da ya ji shawara. Abokina ɗan Ibo ya ce lallai asiri na yi. Diga da igiya suka ci gaba da zama a zaure, ban taɓa su ba, ban kuma taɓa shiga rijiya ba har yau. Abin da na so na samu, cif-cif.

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba su gamu da ɗan mahaƙin rijiya ba. Nawa ramin ya yi shekara goma sha ɗaya Baba na raye bai ga ƙarshensa ba. Ya san lambar da ka, na tabbata, domin ya ji an kira ta kowace safiya har ranar da ba a amsa ba. Sau da yawa ina zaune kusa da shi, musamman da ciwo ya kwantar da shi, tambayar ta zo mini har leɓe. Amma wanda ya rubuta abu da tawada ba ya dawowa ya ce a tuna masa. Shi kuma bai sake faɗarta ba, tunda ya sauke nauyi.

Kalmomi arba'in ɗin nan suna nan daram. Ko yanzu aka tashe ni zan jero su daga kasil har annoba ban yi tuntuɓe ba, in bambance maka basal da barde, in gaya maka wanda ke gaba tsakanin bishop da fada. Tagullar kuwa wuni guda ta yi a aljihuna, ban ciro ta na dube ta da kyau ko sau ɗaya ba. Na sha rufe ido in nemo ta. Ina ganin hujin, ina ganin santsin gefen. Lambobin uku ne ko huɗu, ban tabbata ba. Ina jin akwai bakwai a ciki.